Fosta, Alama da Shafin Intanet: Yadda 'Yan Takara Ke Tallan Kansu a Doha, da Kano, da Amurka

Kowane mai neman ƙuri'a, ko a wace ƙasa yake, matsalarsa ta farko guda ce, watau yadda zai sa mutumin da bai taɓa zama da shi ba ya san shi, ya riƙe shi a zuci, har ran zaɓe ya nemo shi cikin tarin abokan takara. Lokacin da yake da shi na yin wannan aiki kuwa kaɗan ne ƙwarai. Mai mota da ya wuce allon talla a bakin titi kallo ɗaya zai yi masa. Wanda kuma ya buɗe shafin ɗan takara a wayarsa, in bai ga abin da ya tsai da shi ba nan take, sai ya zarce gaba. Saboda haka masu tsara irin wannan talla ba su da sararin faɗin kome da kome. Tilas ne su zaɓi abu guda su girmama shi, su ajiye shi inda ido zai fara sauka, sauran bayani kuwa ya biyo baya cikin ƙananan baƙaƙe.

To, wannan abu guda da aka zaɓa aka girmama, shi ne abin lura ga mai hankali. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗan takara yana iya lulluɓe niyyarsa cikin dogon jawabi, amma fasalin tallansa yakan nuna inda yake zaton ƙuri'arsa take, ya kuma nuna wanda zai ji nauyinsa in ya hau kujera. Domin mu gane wannan sosai, bari mu duba wurare uku da tsarin siyasarsu ya sha bamban: birnin Doha na ƙasar Katar, inda babu jam'iyyu sam, da Kano da sauran garuruwan Nijeriya ta Arewa, inda jam'iyya ita ce uwa ita ce uba, da kuma Amurka, inda aka fara mai da shafin intanet babban ofishin yaƙin neman zaɓe.

Doha: suna da fuska

Katar ƙaramar ƙasa ce a gaɓar Tekun Fasha, mai arzikin iskar gas, wadda gidan sarautar Al Thani ke mulki. Mazaunanta sun kai wajen miliyan 3, amma 'yan ƙasa na asali wajen ɗaya ne cikin goma. Sauran duk baƙi ne da neman abinci ya kawo, ba su kuwa da ƙuri'a. Tun cikin watan Maris na 1999 aka fara zaɓen Majalisar Gari mai wakilai 29, wadda aikinta ba da shawara ne a kan tituna da tsabta da gine-gine. Tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a 2003 ya yi tanadin cewa Majalisar Shura, watau majalisar dokokin ƙasar mai kujeru 45, za a riƙa zaɓen 30 daga cikin wakilanta, Sarki ya naɗa 15. An yi ta ɗaga wannan zaɓe shekara da shekaru, sai ran 2 ga watan Oktoba na 2021 aka yi shi, a zamanin Sarki Tamim ɗan Hamad.

'Yan takara fiye da 230 ne suka kai ranar zaɓe, 26 daga cikinsu mata. An ba su wajen mako biyu na neman jama'a, doka kuma ta ƙayyade cewa kada kowa ya kashe fiye da riyal miliyan 2, kada kuma ya karɓi kuɗi daga waje. Cikin waɗannan kwanaki manyan titunan Doha da na garuruwan da ke kewaye da ita suka cika da allunan talla. Wanda ya saba da fostocin siyasa na Afirka ta Yamma, abin da zai fara ba shi mamaki a waɗannan alluna shi ne abin da babu. Babu lema, babu tsintsiya, babu harufan jam'iyya, babu hoton wani jagora a sama yana sa albarka. Abin da ke akwai galibi uku ne: fuskar ɗan takara cikin farar riga da mayafin kai irin na mutanen ƙasar, da sunansa da manyan baƙaƙen Larabci, da lambar mazaɓarsa. Tun da yake tufafin maza kusan iri ɗaya ne, baƙo zai ga kamar hoton mutum guda aka yi ta maimaitawa. Ɗan ƙasa kuwa ba haka yake gani ba, domin shi sunan yake karantawa.

Sunan Balaraben wannan yanki tarihi ne a dunƙule: wane ɗan wane ɗan wane, na zuriyar wane. Wanda ya karanta shi ya san uban mutum, ya san kakansa, ya san ƙabilarsa, watakila ma ya san wanda ya auri ƙanwarsa. Abin da ya ƙara wa suna nauyi a wannan zaɓe shi ne yadda aka yanka mazaɓu. An raba ƙasar gida 30, amma ba a rubuta mai zaɓe a unguwar da yake kwana ba. An rubuta shi ne a inda asalin gidansu yake. Watau mutum yana iya zama a sabuwar unguwa can bayan gari, ƙuri'arsa kuwa tana tsohuwar unguwar kakanninsa, tare da ta 'yan'uwansa na jini. Mazaɓa ta zama kamar taron dangi. A irin wannan hali, wace alama ce za ta fi sunan gida amfani? Ai sunan gidan shi ne jam'iyyar, shi ne tambarin, shi ne kuma manufar.

Haka abin ya kasance a intanet. Mutanen Katar suna cikin waɗanda suka fi kowa amfani da wayar hannu a duniya, 'yan takara kuwa sun bi su inda suke, watau Twitter da Instagram da makamantansu, da gajerun hotunan bidiyo da katin gayyata zuwa taro. Mai neman ƙuri'un mutane kaɗan da suka san juna ba ya bukatar babban shafi mai rassa da yawa, ba ya kuma bukatar roƙon gudummawar kuɗi daga baƙin ido. Abin da yake bukata shi ne a zo zaurensa, wanda su ke kira majalisi, a sha gahawa, a ji ta bakinsa. Aikin allo da waya shi ne su kai mutum bakin wannan zaure. Can ne ake ƙulla magana.

Kano: alama da uban gida

Mu dawo gida. A Nijeriya, takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara, balle hotonsa. Abin da mai zaɓe zai gani shi ne jerin alamun jam'iyyu da harufansu, ya dangwala yatsa a gefen wadda yake so. Wannan al'ada tsohuwa ce, asalinta kuwa tun zamanin Turawa ne, sa'ad da yawancin masu zaɓe ba su karanta boko ba. A zaɓen tarayya na 1959, kowane ɗan takara akwatinsa daban a cikin ɗakin jefa ƙuri'a, an manna alamar jam'iyyarsa a jiki. Mai son jam'iyyar NPC ta Sardauna ya nemi fartanya, mai son NEPU ta Malam Aminu Kano ya nemi tauraro, mai son NCNC ya nemi zakara, mai son Action Group kuma ya nemi itacen kwakwa. Kowace alama da saƙonta. Fartanya ta manomi ce, tana cewa mu ne naku na gargajiya. Tauraro kuwa haske ne a cikin duhu, ya dace da masu kiran sawaba.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, sai sababbin alamu suka fito. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta ɗauki gida da masara, watau wurin kwana da abinci, bukatu biyu da ba mai musunsu. PRP ta Malam Aminu ta ɗauki mabuɗi, da shi ne kuwa Alhaji Abubakar Rimi ya ci gwamnan Kano, Alhaji Balarabe Musa ya ci na Kaduna. A 1993 doki ne alamar SDP. Daga 1999 aka shiga zamanin lemar PDP da masarar APP, wadda daga baya ta zama ANPP, sa'an nan alƙalamin CPC, har aka zo ga tsintsiyar APC a 2013. Dattijon da ya jefa ƙuri'a a dukan waɗannan zaɓuɓɓuka yana iya ba ka tarihin siyasar ƙasar da alamu kaɗai, ba tare da ya ambaci sunan jam'iyya ko ɗaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka alama ado ce kawai. A 2007 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke wani hukunci da ya nuna ƙarfinta a idon doka. A jihar Ribas, Rotimi Amaechi ne ya ci zaɓen fid da gwani na PDP, amma jam'iyya ta canza shi da Celestine Omehia, wanda ya yi yawon neman ƙuri'a, aka zaɓe shi, aka rantsar da shi. Cikin watan Oktoba na wannan shekara kotu ta ce canjin bai bi doka ba, kuma tun da jam'iyya aka zaɓa, kujerar ta halattaccen ɗan takararta ce. Amaechi ya zama gwamna alhali ba shi ne a fostocin ranar zaɓe ba. Lema aka dangwala wa, lema ce ta ci.

Wannan shi ya sa fostar ɗan takara a Kano ko Katsina ko Zariya take da fasalin da muka sani. Alamar jam'iyya tana nan ƙatuwa, sau da yawa har da hoton yatsa a gefenta, domin a koya wa mai zaɓe inda zai dangwala. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019 'yan takara 73 ne, takardar ƙuri'a ta yi tsawo kamar zani, nemo alama guda a cikinta kuwa sai da horo. A 2023 suka ragu zuwa 18.

Bayan alama, akwai abu na biyu da ke cin wuri a fostar ƙasar Hausa, watau hoton uban gida. Ɗan takarar kansila yakan sa shugaban ƙaramar hukuma da gwamna a sama da kansa, ɗan majalisar jiha yakan sa gwamna da jagoran jam'iyya, har wani lokaci mai fostar ya koma shi ne ƙarami a cikin fostarsa. A zaɓuɓɓukan da Janar Muhammadu Buhari ya tsaya, musamman na 2015, 'yan takara da yawa a Arewa sun jingina hotonsu da nasa, aka kuma yi ta kiran a yi "sak", watau a dangwala wa jam'iyyarsa daga sama har ƙasa. Mutane da dama sun shiga majalisa a wannan inuwa, waɗanda suka zaɓe su ba su ko san kamanninsu ba. A Kano kuma jar hular Kwankwasiyya ta zama alamar da ta fi ta jam'iyya daɗewa, domin ta bi Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso daga PDP zuwa APC, ta komo PDP, ta wuce NNPP, wadda a ƙarƙashinta Abba Kabir Yusuf ya ci gwamna a 2023. Hula ta yi abin da fosta ba za ta iya ba: ta mai da kan kowane magoyin baya allon talla mai tafiya da ƙafa.

A Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1990 har zuwa juyin mulkin 2023, launi da sunan Hausa ne suka ɗauki wannan nauyi. Harufan Faransanci na jam'iyyu ba su zauna a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram ba. Abin da ya zauna shi ne Tarayya, da Nassara, da Rahama, da Lumana, da Zaman Lahiya, kowace da launin yadinta, kamar ruwan hoda na Tarayya da kore na Nassara.

Shafin intanet fa? Manyan 'yan takara a Nijeriya sukan buɗe, Goodluck Jonathan ma a Facebook ya fara shelar tsayawarsa cikin watan Satumba na 2010. Amma a ƙasar Hausa saƙon siyasa ya fi tafiya ta kunne. Waƙa, da shirye-shiryen sojojin baka a gidajen rediyon Kano, da muryar da ake turawa ta WhatsApp, su ne ke kai magana lungu-lungu. Shafin ɗan takara, da Turancinsa da dogon kundin manufofinsa, galibi 'yan jarida da 'yan boko da mutanen waje ake yi wa shi.

Amurka: hannu a aljihu

A Amurka ne aka fara ɗaukar shafin intanet da muhimmanci. A 1996 Bill Clinton da Bob Dole kowa ya buɗe nasa, Dole har ya karanta adireshin shafinsa a ƙarshen muhawararsu ta talabijin. Waɗannan shafuka na farko kamar ƙasida suke: tarihin ɗan takara, da jawabansa, da hotuna. Howard Dean ne, a takarar fid da gwani ta 2004, ya nuna cewa ana iya tara kuɗi masu yawa daga ƙananan gudummawa ta intanet. Barack Obama kuma ya kai abin ƙololuwa a 2008, ya tara wajen dala miliyan 500 ta wannan hanya.

Tun daga nan fasalin shafukan ya canza. Wanda ya buɗe shafin babban ɗan takara a Amurka, na kowace jam'iyya, abin da ya fi tare masa ido shi ne wurin ba da gudummawa, da jerin kuɗi an riga an rubuta masa, dala kaza ko dala kaza, ya danna kawai. Abu na biyu shi ne gurbin rubuta adireshin imel da lambar waya. Manufofi suna nan, amma sai an shiga ciki an nema. Dalili kuwa a fili yake. A Amurka mutum shi ke tsai da kansa takara, shi ke gina ƙungiyarsa, shi ke sayen lokaci a talabijin, ba kuwa iyaka ga abin da zai kashe in bai karɓi kuɗin gwamnati ba. Mai irin wannan ɗawainiya dole idonsa ya kasance a kan aljihun magoya baya.

Har wa yau, Amurkawa sun mai da tsara shafi wani fanni na awo da lissafi. Ma'aikatan Obama sun taɓa gwada fasali 24 na shafin farko, watau hotuna da bidiyo iri 6, da kalmomin maɓalli iri 4, aka riƙa nuna wa masu shigowa daban-daban ana ƙidaya wanda ya fi sa mutane ba da adireshinsu. Ma'aikatan sun fi son bidiyo, amma da aka ƙidaya sai hoton ɗan takara da matarsa da 'ya'yansa ya yi rinjaye, ya ƙara yawan masu rajista da wajen kashi 40 cikin 100. Abin da wannan ke koya mana shi ne, duk abin da mai karatu ya gani a irin wannan shafi, launi ne ko murmushi ko kalma, an auna shi a kan dubban mutane kafin a kawo masa.

Wannan gwaninta tana da nata haɗari. A zaɓen 2020 an yawaita wata dabara ta sa alamar amincewa tun da wuri a wani ɗan akwati, wanda ke mai da gudummawar sau ɗaya ta zama ta kowane wata ko kowane mako, sai fa in mai bayarwa ya lura ya cire. Mutane da yawa ba su lura ba sai da suka ga asusunsu na zurarewa, aka yi ta mayar da miliyoyin daloli. A 2021 hukumar da ke kula da kuɗin zaɓe ta tarayya ta nemi majalisa ta hana wannan dabara, wakilan jam'iyyun biyu a hukumar kuwa bakinsu ya zo ɗaya.

Wasu ƙasashe sun ga cewa barin talla a hannun mai kuɗi zalunci ne ga maras shi, sai suka sa doka. A Faransa hukuma ce ke kafa alluna a bakin rumfunan zaɓe, kowane ɗan takara da nasa, girmansu ɗaya. An hana sayen lokacin talla a rediyo da talabijin, an kuma hana haɗa shuɗi da fari da ja a fosta yadda za ta yi kama da tutar ƙasa, domin kada wani ya nuna kamar shi kaɗai ne ɗan ƙasa. Wannan ma shaida ce cewa masu mulki sun san launi da girman allo ba wasa ba ne.

Abin da ya biyo baya a Doha

Mu koma Doha mu ga ƙarshen labari. Hukuma ta ce kashi 63.5 cikin 100 na masu rajista sun fito a zaɓen 2021. Ba mace ko ɗaya da ta ci cikin 26 ɗin nan, sai daga baya Sarki ya naɗa biyu cikin kujerunsa 15. Wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya karanta allunan da kyau, gama inda dangi ke zaɓen wanda zai tsaya da sunan gida, da wuya su wuce dattijo namiji. Tun kafin zaɓe ma rigima ta tashi a kan asali. Doka ta ce ba mai tsayawa takara sai wanda gidansu ke zaune a ƙasar tun kafin 1930, ta kuma hana wasu 'yan ƙasa ko jefa ƙuri'a. Abin ya fi shafar wasu daga ƙabilar Al Murra, har suka yi zanga-zanga cikin watan Agusta na 2021, abin da ba a saba gani ba a ƙasar.

Cikin watan Oktoba na 2024 Sarki Tamim ya gaya wa majalisa cewa zaɓen gwaji ne, an kuwa ga sakamakonsa. Daga cikin dalilan da ya kawo akwai cewa takarar ta koma gasa a tsakanin dangi da ƙabilu, tana neman ɓata zumunci. Ran 5 ga watan Nuwamba na 2024, ranar da Amurkawa ke zaɓen shugabansu, mutanen Katar suka jefa ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 90 cikin 100 suka amince a gyara tsarin mulki a koma naɗa dukan wakilan Majalisar Shura. Masu sukar wannan mataki suna cewa ai dokar da ta yanka mazaɓu bisa asalin gida, ta kuma hana jam'iyyu, ita ce ta bar 'yan takara ba su da abin nunawa sai sunan kakanni, saboda haka bai kamata a ɗora wa zaɓe laifin da tsarinsa ya haifar ba. Masu goyon baya kuwa suna cewa ƙaramar al'umma da kowa ya san kowa ta fi bukatar haɗin kai bisa ga gasa. Ko wanne ne ya fi gaskiya, abin da Sarki ya faɗa a 2024 yana rubuce a bakin titi tun 2021, ga duk mai iya karanta allo.

Yadda za a karanta talla

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Allon Doha yana cewa, kun san gidanmu. Fostar Kano tana cewa, kun san jam'iyyarmu da jagoranmu. Shafin Amurka yana cewa, ku kawo abin da ya sawwaƙa. Ba wanda ya fi wani wayo ko gaskiya a cikinsu. Kowanne ya bi hanyar da dokar ƙasarsa da al'adarta suka shata masa. Amma akwai abu guda da suka yi tarayya a kai, watau dukansu ukun sukan tura aikin da ɗan takara zai yi zuwa ƙananan baƙaƙe, ko su bar shi gaba ɗaya.

Saboda haka akwai tambayoyi kaɗan da ya kamata mai zaɓe ya riƙa yi wa kowace fosta da kowane shafi. Ta farko, me aka fi girmamawa a nan, kuma don me? In hoton wani ne ya fi na ɗan takara girma, to, a sani cewa ran da bukatar mazaɓa ta ci karo da ta mai wannan hoto, akwai inda wakili zai karkata. Ta biyu, alkawarin da aka rubuta yana cikin ikon kujerar da ake nema? Ɗan majalisa aikinsa yin doka ne, da duba kasafin kuɗi, da bin diddigin masu zartarwa. Wanda ya cika fostarsa da hotunan tituna da asibitoci, ko dai bai san aikin ba, ko yana fatan mai zaɓe bai sani ba. Ta uku, wa ya biya kuɗin bugawa? Dokar zaɓen Nijeriya ta 2022 ta sa iyakar naira biliyan 5 ga mai neman shugabancin ƙasa, da biliyan 1 ga mai neman gwamna, amma fostoci da yawa sukan fito da sunan wata ƙungiyar masoya ko wani mai fatan alheri, wanda shi ma yana da abin da yake jira. Ta huɗu, akwai hanyar da za a sami mutumin nan bayan zaɓe? Shafin da ke da wurin karɓar kuɗi amma ba shi da adireshin ofishi a mazaɓa ya riga ya ba da amsa.

Ba laifi ba ne ɗan takara ya gyara hotonsa, ya zaɓi launi mai kyau, ya nemi gwanaye su tsara masa shafi. Ko mai tallan goro yakan yayyafa masa ruwa. Abin da ke wuyan mai zaɓe shi ne ya tuna cewa fosta kwana kaɗan take yi a bango kafin ruwa ya wanke ta ko wata ta rufe ta, shafi kuma yakan mutu da zarar an daina biyan kuɗinsa, amma wanda aka zaɓa yana nan a kujera har shekara huɗu.